Daga Mavic zuwa diron mai ɗaukar babbar kyamara: ta ina ake farawa?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a nan Katsina, shagona yana wajen Ƙofar Ƙaura. Shekara uku ke nan ina tashin diron DJI Mavic, ban taɓa faɗuwa da shi ba. Yanzu ina ganin bidiyon da ake yi da irin diron nan da ake sa tabarau a tuƙa da hannu, yana bin mota ko doki kamar shaho, har ana ɗora masa babbar kyamarar fim. Na ɗan tara kuɗi, ina so in sayi babban kai tsaye in ɗora masa Sony FX3 ɗina, in samu in ɗauki hawan Babbar Sallah da shi. Wata nawa zan yi in iya, kuma wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne ko wanda hannunsa ya faɗa da Mavic zai iya tsallakawa kai tsaye zuwa babban diron FPV, wato irin wanda ake tuƙawa da tabarau ana ganin abin da kyamararsa ke gani, wanda 'yan sana'a ke kira sinelifta, kuma ya iya shi kafin Sallah. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ka saya yanzu. Riƙe kuɗinka. Idan ka saye shi a wannan watan ka ɗora masa FX3, to kyamarar da kake cin abinci da ita ce za ka yi koyo a kanta, kuma mai koyo faɗuwa yake yi, babu makawa. Ni ma da wannan zumuɗin na shigo, shi ya sa zan yi maka bayanin dalla-dalla.

Aikin da Mavic ke yi maka a ɓoye

Ka ce ba ka taɓa faɗuwa ba. Na yarda, amma fiye da rabin wannan yabo na Mavic ɗin ne. A cikinsa akwai GPS da ke riƙe masa wuri, da na'urar auna tsawo, da 'yan idanun da ke hango bango ko itace. Idan ka tura sanda gaba, roƙonsa kake yi ya tafi gaba, shi ne zai yanke yadda zai karkata. Idan ka saki sandunan sai ya ci birki ya tsaya cak a sama yana jiranka. Kyamararsa kuma a kan gimbal take, wato mazaunin da ke daidaita ta da kansa, komai rawar da jikin yake yi hoton a miƙe yake fitowa.

Diron FPV da ake tuƙawa da hannu, a tsarin da ake kira akro, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sandar dama tana gaya masa saurin da zai juya ne kawai. Ka tura ta gaba kaɗan ka saki, sai ya kife gaba ya zauna a kifen, ya yi ta tafiya yana ƙara gudu har sai kai da kanka ka jawo shi. Sandar hagu ita ce totur, sama da ƙasa, kuma ba ta da sifirin da zai mayar da ita tsakiya. Inda ka ajiye ta nan take. Gefe da gefe na wannan sandar shi ke juya hancin. Birki babu. In kana son tsayawa sai ka ɗaga hanci ka ba da totur, iskar farfela ta tare ka. Kyamara a manne take da jiki, saboda haka duk kuskuren yatsanka zai fito a hoto.

Ga inda shekara ukunka za ta iya cutar da kai. Mai Mavic idan ya rikice sakin sanduna yake yi, kuma wannan ɗabi'a ta sha cetonsa. A akro ita ce ke kai mutum ƙasa. Na ga wanda bai taɓa riƙe rimot ba ya riga tsohon mai Mavic kama hannu, don shi ba shi da abin da zai mance. Abin da za ka shigo da shi mai daraja shi ne idonka: ka san haske, ka san inda ake tsayar da hoto, ka san abin da mai biki zai biya kuɗi a kai. Wannan ba ƙaramin jari ba ne, yawancin masu FPV da suka iya wulwulawa a sama ba su da shi.

Hanyar da zan bi da kai in da yarona ne

Abu na farko da za ka saya rimot ne, shi kaɗai. RadioMaster Boxer ko Pocket mai tsarin sadarwa na ExpressLRS ya isa, kuma da shi za ka yi ta aiki har ka kai ga babban jirgin. Ka jona shi da kwamfutar da kake haɗa bidiyo a kanta, ka sa simileta, wato manhajar koyon tuƙi: Liftoff, ko Velocidrone, ko Uncrashed, duk wadda kwamfutarka ta ɗauka. Ka sa ta a akro tun ranar farko, kada ka yaudari kanka da tsarin da ke daidaita jirgi da kansa. Kwana ukun farko za ka rantse rimot ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau.

Minti talatin kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Ni bayan sallar Asuba nake yi kafin gida ya tashi, in akwai caji. Kuma kada ka ɓata lokaci kan alkafura, ba ita ake saya ba. Koyi abubuwan da ba su da daɗi: tafiya a miƙe a tsawon ƙirjin mutum ba tare da hawa da sauka ba, kewaya itace ɗaya yana tsakiyar hoto, bin mota a baya da tazara ɗaya, shiga ƙofa a hankali, da sauka a inda ka nufa. Tafiya a hankali ta fi gudu wuya nesa ba kusa ba. A gogewata, mai naci yakan daina faɗuwar banza bayan awa 20 zuwa 30.

Daga nan sai tabarau da ɗan ƙaramin diron da ake kira wup, mai faɗin milimita 65 ko 75, wanda nauyinsa bai kai na batirin tocila babba ba, farfelunsa kuma a killace suke. Wannan a tsakar gida ma za ka tashe shi, ka bi ta zaure, ka kewaya bishiyar darbejiya. In ya bugi bango sai ka ɗauka ka kaɗe. Ka zauna a kujera farkon sa tabarau, don jiri yana ɗibar mutum. Akwai wanda na gani yana tsaye ya bi jirgin da jikinsa sai da ya kai gwiwa ƙasa.

Mataki na uku shi ne makarantar gaske: diron mai farfela inci 5, da batir 6S, wato mai gida shida, na wajen 1,100 zuwa 1,300 mAh. Da ƙaramar kyamarar GoPro a kansa yakan kai gram 700, yana wuce kilomita 100 a awa ba tare da wahala ba, batir ɗaya kuma minti uku zuwa biyar ne. Shawarata ka haɗa shi da hannunka maimakon sayen haɗaɗɗe. Dalili kuwa, a Katsina babu shagon da za ka kai shi in ya karye. Kai ne bakanike. Dole ka iya liƙa waya da dalma, ka iya canza inji, ka iya shiga Betaflight, manhajar da ke tafiyar da ƙwaƙwalwarsa. In kana da aboki mai gyaran waya, zauna gefensa kwana biyu, ka saya masa lemo, zai koya maka riƙon ƙarfen dalma fiye da kowane bidiyo. Doka ɗaya ba ta da togiya: duk lokacin da za ka jona batir a kan tebur, cire farfela. Suna yanka nama kamar aska.

Mutumin da ya ɗauki bin motocin nan a fim ɗin Ambulance na Michael Bay a 2022, Alex Vanover, ɗan tseren diron ne da ya ci gasar tseren diron ta DRL a 2019 kafin a kira shi fim. Hannun da kake gani a irin waɗannan hotuna a kan ƙananan jirage aka gina shi.

Abin da nauyi ke canzawa

Sinelifta da aka fi amfani da shi tsarin X8 ne: hannu huɗu, kowane hannu da inji biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, farfela inci 7 ko sama da haka. An yi haka ne don a samu ƙarfin ɗauka ba tare da jikin ya yi faɗi ba, kuma in inji ɗaya ya mutu sau da yawa bakwai ɗin kan iya kawo shi ƙasa. Illarsa ita ce farfelar ƙasa tana aiki cikin iskar da ta sama ta riga ta dama, sai cin batir ya ƙaru. FX3 ɗinka da batirinta da kati gram 715 ce, kafin lensi. RED Komodo, wadda 'yan fim suka fi ɗorawa, jikinta kusan gram 950 ne, kuma kusan dala dubu shida aka fara sayar da ita a 2020. Ka haɗa jirgi da batir da lensi, kana maganar kilo 3 ko fiye a sama, na minti huɗu zuwa biyar.

Kwatanta wanda ya ƙware a babur ɗin haya aka miƙa masa tifa cike da yashi. Hanyar ya sani, amma inda ya saba taka birki ya riga ya makara. Mai inci 5 idan ka ga itace a gabanka, ka murɗa, ya kauce. Mai kilo 3 idan ka murɗa, hancin zai juya amma jikin yana nan yana zamewa inda ya dosa. Dole ka fara kwana tun kafin ka iso ta. In ka sauko da sauri a miƙe sai ya faɗa cikin iskar da shi ya dama, ya yi ta kakkarwa, ka ba da totur ya yi jinkirin amsawa. Shi ya sa ake saukowa da shi a karkace ana tafiya gaba. Ni nakan rage saurin juyawarsa ma. Betaflight yana zuwa da digiri 670 a daƙiƙa, nakan mayar da na babban wajen 400 don yatsa ya samu fili.

Sai lissafin da ya kamata ya hana ka barci. A gudun kilomita 72 a awa, jirgi mai gram 700 yana ɗauke da ƙarfin bugu na jul 140 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Mai kilo 3 yana ɗauke da 600, ga wuƙaƙe takwas suna juyawa. Kuma in sadarwa ta yanke tsakaninsa da rimot, kada ka yi tsammanin zai dawo gida kamar Mavic. Yadda Betaflight ke zuwa, kashe injina yake yi jirgin ya faɗo inda yake. Akwai tsarin ceto da GPS, ana iya sawa, amma ni ban taɓa jingina ran wani a kansa ba.

Ranar da na fara tashin nawa, ban ɗora masa kyamara ba. Na auna nauyin kyamarata da lensi a sikelin mai sayar da kaji, na cika gwangwanin madara da yashi daidai wannan nauyi, na naɗe shi da salatif na ɗaure a mazaunin kyamarar. Wata ɗaya cur da gwangwani nake yawo, a wata gona da aka girbe a hanyar Ajiwa, da izinin mai ita. A mako na biyu na zo kewaya wata bishiyar gawo, kwanar da na yi sau ɗari da mai inci 5. Na murɗa a inda na saba. A tabarau ina ganin hancin ya juya, amma rassan suna ta matsowa ta gefe, sai hoton ya koma toka. Da muka isa, hannu ɗaya ya karye, farfela biyar sun tafi, gwangwanin ya fashe yashi ya watse cikin kara. Yaron da ke lura mani ya ɗago murfin gwangwanin ya ce, "Oga, ga kyamarar taka." Mun yi dariya, amma hannuna bai daina rawa ba sai da muka shigo gari.

Wani abu da ba a faɗa wa mutum: ido biyu ne a kan jirgin. Ƙaramar kyamarar da kake gani da ita a tabarau daban, babbar da ke ɗauka daban, kuma faɗin ganinsu ba ɗaya ba ne. In ba ka daidaita karkatarsu ba, za ka sauka kana murna, ka buɗe kati ka tarar ka yanke kan ango tun daga farko har ƙarshe. Haka kuma in nauyin kyamarar ya rinjaya gaba, injinan gaba za su yi ta zafi. Ka matsar da batir baya har sai jirgin ya zauna daidai in ka ɗaga shi da yatsu biyu a tsakiya. Rawar da ta rage a hoto ana gyara ta a kwamfuta da Gyroflow, kyauta ce, kuma tana karanta bayanan motsi da FX3 ke ajiyewa a cikin fayil ɗinta.

Zafinmu da ƙurarmu

Waɗanda kake kallo a YouTube ba a Katsina suke tashi ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Jirgin da ya tashi da sauƙi da sassafe, da azahar sai ka ji yana neman ƙarin totur, injina suna ƙona yatsa. Na'urar aika hoto ma in ka bar jirgin a kunne a ƙasa babu iskar da ke hura ta, nan da nan take ɗaukar zafi. Ka jona batir, ka tashi. Kada ka tsaya hira.

Da hunturu kuma ƙura ce. Injinan nan a buɗe suke, cike da maganaɗisu, yashinmu kuma akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Bayan kowace sauka ka juya inji da yatsa. In ka ji ƙaras-ƙaras, ka tsaya ka share da tsohon buroshin haƙori. Ina yawo da tabarmar roba don tashi da sauka, don jirgi mai farfela takwas in ya tashi daga ƙasa tsirara guguwa yake tayarwa, duk ta ƙare a kan lensi.

Batirin LiPo, wato irin wanda jiragen nan ke aiki da shi, shi ne abin da na fi tsoro a duk kayan. Kowane gida bolt 4.2 ne in ya cika, ka sauka in ya kusa 3.5, in kuma za ka ajiye shi fiye da kwana biyu ka mayar da shi 3.8. Kada ka bar shi a but ɗin mota a rana. Wanda ya kumbura ko ya loɓa, ya gama aiki, komai tsadarsa. Nawa a tsohuwar tukunyar ƙarfe nake cajinsu, a kan siminti, nesa da labule, ina zaune. Caji mai kyau kusan awa ɗaya ne kowane batir, aikin yini ɗaya kuma yana cin takwas ko goma, ga wuta ba tabbas. Ba a fafe gora ranar tafiya. In wani zai taho maka da su ta jirgin sama, a jakar hannu ake shiga da su, kuma wanda ya wuce Wh 100, ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, sai da amincewar kamfanin jirgin. 6S mai 5,000 mAh Wh 111 ne, ka ga ya haura.

Maganar hawan Sallah

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirgi maras matuƙi ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Shigo da shi ƙasar ma yana buƙatar takardar shaidar mai amfani daga wannan ofishi, in ba haka ba yana iya maƙalewa a hannun kwastan. Ni matuƙi ne, ba lauya ba; ka tuntuɓi NCAA kai tsaye kan takardun da suka dace da aikin kuɗi irin naka kafin ka tura wa kowa kuɗin kaya. Ka kuma tuna inda muke. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a bakin gari yake, ga barikoki, ga iyakar Nijar ta Jibiya da Kongolam, ga halin tsaron da jihar ke ciki. Mutumin da aka gani a bayan gari fuskarsa a rufe da tabarau, wani abu yana kuka a sama, ba kowa ne zai tsaya ya tambaye shi ba. Kafin in tashi a ko'ina nakan gaida mai unguwa ko dagaci, in sanar da jami'an tsaron wurin, in sa wa yara tabarau su leƙa. Kuma ba na tashi ni kaɗai. Wanda ya sa tabarau makaho ne ga duk abin da ke gefensa, dole a samu mai lura da zai ce ga yaro nan, ga akuya, ga wayar wuta.

Ko da takardunka sun cika, ba zan tashi sinelifta a kan Ƙofar Soro ranar hawa ba, haka ma Hawan Magajiya a Daura. Dubban mutane ne kafaɗa da kafaɗa, babu inda za ka jefar da jirgi in abu ya lalace. Ga dawaki. Dokin da ya saba da kalangu da algaita da ƙarar bindigar gargajiya bai san kukan farfela takwas ba, wanda ke zuwa masa daga sama ta baya. Na gwada da dokin wani abokina a fili: ranar farko ina nesa da shi sosai ya kafa kunnuwa ya fara ja da baya, sai da muka yi kwana huɗu ana kunna masa jirgin a ƙasa yana cin harawa kafin ya bari na bi shi a sukuwa. Wannan doki ɗaya ke nan, da mahayin da ya san abin da ake ciki. In doki ya firgita a tsakiyar 'yan kallo, ba maganar kyamara ake ba kuma. Hoton da kake mafarki ana samunsa ta wata hanya: ka shirya da mahaya uku ko huɗu, su yi cikakken ado, a fita fili da hantsi kwana biyu bayan Sallah, ka ɗauka sau goma in ka ga dama.

Game da wata nawa, ga abin da na gani a kaina da waɗanda na koya wa: wata ɗaya zuwa biyu a simileta da wup, wata shida zuwa shekara a kan mai inci 5 har ka yi aikin kuɗi da shi, sannan wata ɗaya ko biyu da gwangwanin yashi. Sallar baɗi ke nan in an yi naci. Iyakar abin da na tuƙa X8 mai inci 7 ne. Manyan da ke ɗaukar kyamara da gimbal, masu buƙatar mutum biyu, wani fanni ne da ba nawa ba.

Ka kuma tambayi kanka wa zai biya. Amarya a wayarta za ta kalli bidiyon, ta ɗora a Instagram ko TikTok, kuma a wannan allon da wuya ta bambance GoPro da aka sa wa gilashin rage haske da FX3. Cikin ayyukan FPV da nake samu, mafi yawa da mai inci 5 ko ɗan ƙarami mai killataccen farfela nake yin su: rakiyar motocin amarya, zagayen sabon gida ko otal, tallan makaranta. Babban sai in darakta daga Kano ko Abuja ya ce lallai hoton sama ya dace da launin sauran fim ɗinsa. In gyare-gyare ba sa cikin jininka, DJI Avata 2 da rimot mai sanduna yana da tsarin tuƙin hannu, zai kuma yi maka aikin biki, sai dai ba ya ɗaukar wata kyamara, in ya karye kuma jira ne.

A wannan watan dai rimot da simileta kawai za ka saya. In ka cika awa 20, ɗauko mani bidiyon allon kana kewaya itace ɗaya sau uku ba tare da ka hau ko ka sauka ba, in ga yadda babban yatsanka na hagu ke riƙe totur a cikin kwana. Daga nan sai mu yi maganar tabarau.